Harsashin atisaye: tsakanin mai araha da mai faɗawa inda aka saita

Wanda ya shiga harkar harbin allo a Amurka ko Ingila ko Jamus ba ya daɗewa yake gane cewa ba bindiga ce ke cin kuɗi ba. Bindiga sau ɗaya ake sayenta, in an kula da ita ta shekara ashirin tana aiki. Harsashi kuwa duk ranar atisaye sai an taɓa aljihu, kuma da an danna kunama kuɗin ya tashi. Shi ya sa a kowane filin harbi za ka tarar da mutane kashi biyu suna jayayya. Wasu na cewa a sayi mafi araha a yi ta harbi, tunda yawan yi ke kawo gwaninta. Wasu kuma na cewa duk harsashin da bai kai na gasa ba ɓata lokaci ne. A ganina abin da ya kamata mai atisaye ya nema shi ne harsashi mafi araha wanda kaucewarsa ba ta kai kaucewar hannunsa ba. In harsashi ya fi ka kauce hanya, ba za ka taɓa sanin ko kai ne ka yi kuskure ko shi ne ba, atisayen da ba ya nuna maka laifinka kuwa ba ya ƙara maka komai. In kuma ya yi wa gwanintarka nisa, kana biyan kuɗin abin da idonka da kafaɗarka ba su kai su ci moriyarsa ba tukuna.

Zancen nan na masu harbin wasa ne a inda doka ta ba su lasisi da fili. A Ingila sai da takardar izini daga 'yan sanda, kuma a jikinta ake rubuta yawan harsashin da mutum zai iya ajiyewa. Jihar Kalifoniya ta fara binciken mai saye kafin a sayar masa da harsashi a 2019. A Najeriya, dokar makamai ta 1959 ta sa mallakar harsashi ba tare da lasisi ba laifi ne. Don haka kafin lissafin farashi, sai mutum ya san abin da dokar inda yake zaune ta yarje masa.

Zaɓi na farko, wanda ya fi kowanne tasiri a aljihu, shi ne girman harsashin. Mai atisaye yakan tsaya tsakanin .22 LR, da .223 Remington, da manya irin su .308 Winchester ko 6.5 Creedmoor. Kuɗin harsashin gasa na .308 guda ɗaya zai saya maka .22 LR mai kyau goma ko fiye. Bututun bindigar 6.5 Creedmoor yakan fara gajiya bayan harbi dubu biyu da rabi zuwa uku, na .308 ya fi haka daɗewa, alhali na .22 LR yana ɗaukar dubbai goma-goma bai nuna komai ba. Ga shi .22 LR ba ya dukan kafaɗa, ba ya tsorata sabon shiga har ya koyi rintse ido kafin ƙara ta fito. Kada kuma a raina shi saboda ƙanƙantarsa. Kamfanin Stevens ne ya fito da shi a 1887, kuma har yau da shi ake gasar bindiga ta mita 50 a wasannin Olamfik, inda da'irar maki goma faɗinta milimita 10.4 ne kacal. Da shi kuma ake harbi a gasar nan ta ƙasashen sanyi da ke haɗa gudu kan ƙanƙara da harbi, a mita 50, allon kwance milimita 45, na tsaye milimita 115. Duk abin da ake koya a harbi, numfashi da danna kunama da karanta iska, .22 LR na koyar da shi. Saboda haka a kansa zan fi tsayawa.

Sai an fahimci yadda ake ƙera shi kafin a gane dalilin da kwali biyu masu kama ɗaya suke bambanta a allo. A .22 LR, sinadarin da ke tada wuta ba a tsakiyar gindin kwanso yake ba. Ana zuba shi ne a cikin leɓen gindin, ya zagaye shi. Allurar bindiga ta daki leɓen, sinadarin ya kama, ya kunna albarushin. In sinadarin bai bazu daidai ba, wani gefe ya yi kauri wani ya yi siriri, ƙarfin wutar zai bambanta daga harsashi zuwa harsashi. In aka yi rashin sa'a allurar ta faɗa inda babu komai, sai ka ji ƙas, babu harbi. Albarushin da ke ciki ɗan kaɗan ne ƙwarai, saboda haka ɗan bambancin awo yana canza gudu. Ita ma dalmar mai taushi ce, nauyinta giren 40 (giren shi ne ma'aunin nauyin harsashi), wato wajen giram 2.6, kuma ɗan lotsewa a gindinta ya isa ya karkatar da ita. Kuɗin da ake biya a harsashi mai tsada na daidaito ne kawai, wato na farko da na hamsin su fita da gudu ɗaya, su bi hanya ɗaya. Ƙarfin ba ya ƙaruwa.

Daga nan sai batun gudu, inda masu saye da yawa suke yin zaɓin da ke cutar da su. A kanti za ka ga kwalaye masu alfahari da saurin harsashi: CCI Mini-Mag ƙafa 1,235 a daƙiƙa, Remington Thunderbolt 1,255, CCI Stinger har 1,640. Hankali zai ba ka cewa mai sauri ya fi miƙewa. A harbin allo ba haka abin yake ba. Sauti yana tafiya da gudun kusan ƙafa 1,125 a daƙiƙa a yanayi mai matsakaicin zafi. Harsashin da ya fito da gudun da ya ɗara wannan kaɗan zai rage sauri tun bai yi nisa ba, ya faɗo ƙasa da gudun sauti yana kan hanya, kuma a wannan tsakanin iskar da ke kewaye da shi takan rikice ta girgiza shi. Wanda ya fito da ƙafa 1,070 tun farko a ƙasa da sauti yake, babu wata iyaka da zai tsallaka. Abin da ya fi ba sababbin shiga mamaki shi ne iska ta fi ture mai saurin, domin turin iska yana bin yawan saurin da harsashi ya rasa ne a hanya, mai ɗara sauti kuwa ya fi saurin rasa nasa. Ba banza ba kusan duk harsasan gasa na Eley da Lapua da RWS suke a ƙasa da gudun sauti. Abin da mai matsakaicin gudu ke biya shi ne faɗuwa: in ka saita a yadi 50, a yadi 100 zai sauka da inci 7 ko fiye kaɗan, mai sauri kuwa wajen inci 5 da rabi. Amma faɗuwa abu ce da ake lissafawa a gyara a madubin saiti. Warwatsewa ba ta da gyara.

To bari mu bi su daga ƙasa. A can ƙasa akwai na zube, waɗanda ake sayarwa a babban kwali, harsasai na gogar juna: Federal Champion mai 525, Winchester mai 555, Remington Thunderbolt da makamantansu. Yawancinsu masu sauri ne, da yawa kuma dalmarsu giren 36 ce mai rami a kai. Don harbin gwangwani a yadi 25, ko don koya wa sabon shiga yadda ake riƙe bindiga da kiyaye ƙa'idar fili, ba su da laifi. Amma a kan takarda a yadi 50 halinsu yake fitowa: bakwai ko takwas su taru, biyu su tsere gefe ba dalili. Kamar hatsin da aka auna maka da tsakuwa ne, mudun ya cika amma sai ka tsince kafin ka san abin da ka saya. A cikin wannan sahu akwai biyu da suka ɗan fi sauran: CCI Blazer, da Federal AutoMatch mai 325 a kwali, wanda aka yi don bindigogi masu ɗura kansu. Dukansu giren 40 ne, kuma bindigogi da yawa suna jituwa da su fiye da yadda farashinsu zai sa ka zata.

Mataki na gaba shi ne inda nake ganin yawancin mutane ya kamata su tsaya. CCI Standard Velocity, wanda ake ƙerawa a Lewiston ta jihar Idaho, giren 40 ne da gudun ƙafa 1,070. Ya ɗan fi na zube tsada, amma yana tashi kusan kowane lokaci, kuma a bindiga mai kyau yana taruwa yadda zai isa duk wanda ke koyon harbin tsaye, na durƙuso ko na kwance. Shi ne ma'aunin da masu harbi a Amurka suke gwada sauran da shi. Kusa da shi akwai Aguila Super Extra na ƙasar Mekziko mai matsakaicin gudu, da Norma Tac-22, da Eley Club da Eley Target, da RWS Club. Aibin wannan sahu ɗaya ne: kwalin bana ba lalle ya yi daidai da na baɗi ba. Wani zubin, wato rukunin da aka ƙera lokaci ɗaya, ya yi kyau har ka yi mamaki, wani ya zo da 'yan tsere.

Sama da shi kaɗan akwai SK, wanda ake yi a garin Schönebeck na Jamus, a masana'antar da ke ƙera .22 LR na Lapua. SK Standard Plus da SK Rifle Match su ne gadar da ke tsakanin harsashin atisaye da na gasa. Suna zuwa da maiƙo a jikin dalma, har yatsu su yi santsi, wasu ba sa son haka, amma maiƙon yana da aikinsa a cikin bututu. Ga wanda ya fara harbi daga kan tebur da madubi mai ƙarfi, ko ya fara shiga ƙananan gasa irin NRL22 da ake yi a Amurka, a nan ne ƙarin kuɗi yake fara bayyana a takarda. In aka tambaye ni inda kowace dala ta fi yin aiki, zan ce tsakanin CCI Standard Velocity da SK ne.

A can sama kuma akwai manyan gida. Kamfanin Eley na Ingila ya faro tun 1828, ya fito da Tenex a 1951, kuma da shi aka ci lambobin Olamfik masu yawa. Lapua na ƙasar Finland yana da Center-X da Midas+ da X-Act. RWS na Jamus yana da R50. Akwai abin da ya kamata mai neman araha ya sani game da waɗannan. Kamfanonin ba sa kafa injin dabam don kowane suna. Suna ƙera zubi, su harba samfur a bututun gwaji, su duba yadda ya taru, sannan su ba shi suna gwargwadon sakamakonsa. A Eley, wanda ya fi kyau ya zama Tenex, na biye Match, sai Team. A Lapua ma Center-X da Midas+ haka suke. Ma'ana, Eley Team ko Center-X ɗan gida ɗaya ne da mai tsadar, gwajin kamfani ne kawai ya sa shi a baya. Tunda kuma bututun kamfani ba naka ba ne, yakan faru zubin Center-X ya fi na Midas+ taruwa a taka bindigar. Saboda wannan ne manyan 'yan gasa ba sa sayen suna kawai. Suna kai bindigarsu cibiyar gwaji, irin ta Lapua da ke Mesa a Arizona da Marengo a Ohayo, ko ta Eley da ke Winters a Teksas, a ɗaure ta a maƙalli, a harba zubi dabam-dabam, su sayi wanda ya dace da ita da yawa. Mai atisayen ƙarshen mako ba ya bukatar wannan, amma darasin ya shafe shi: lambar zubin da ke jikin kwali ta fi sunan da aka rubuta da manyan baƙaƙe muhimmanci.

Ga lissafi don a ga girman abin. Mu ɗauka mutum na harba ɗari a mako, wato kusan 5,000 a shekara. Mu kuma ɗauka, don misali kawai tunda farashi na hawa da sauka, kowane harsashi ɗaya na zube santi 7 ne, CCI santi 10, SK santi 16, na ƙoli santi 45. A shekara zai kashe dala 350, ko 500, ko 800, ko 2,250. Daga na zube zuwa CCI ƙarin dala 150 ne, kuma shi ke raba ka da yawancin 'yan tsere da masu ƙin tashi. Daga SK zuwa na ƙoli ƙarin ya doshi dala 1,500, abin da za ka samu kuwa 'yan milimita ne a mita 50. Ga ɗan gasar da maki ɗaya ke raba shi da lamba, waɗannan milimitoci sun cancanci kuɗin. Ga wanda bakin bindigarsa ke yawo da faɗin tafin hannu in yana tsaye, ba zai ma gan su ba. Araha ba ta ado, gaskiya ne, amma tsadar da ba ka iya ganin amfaninta ita ma asara ce.

Nisa ma yana canza hukunci. A yadi 25 kusan kowane harsashi gwani ne. A yadi 50 ake fara rarrabewa. Daga 100 zuwa sama, bambancin gudu shi ke mulki, domin harsashin da ya yi jinkiri ya fi daɗewa a iska, ya fi faɗuwa. Bambancin ƙafa 10 a daƙiƙa yana kawo kusan rubu'in inci sama ko ƙasa a yadi 100, ya kuma kai wajen inci guda a yadi 200. To kwalin da mafi sauri da mafi jinkirinsa suka bambanta da ƙafa 40, a yadi 50 da ƙyar za ka lura, a 100 ya ba ka inci guda, a 200 inci huɗu. Wanda ke son harbin nesa da .22 LR ba shi da zaɓi, sai ya hau zuwa SK Long Range Match ko Center-X. Mai tsayawa a yadi 50 kuwa zai iya zama a ƙasa hankali kwance.

Ita ma bindigar tana da ta cewa. Irin su CZ 457 da Tikka T1x da Bergara B14R, waɗanda ake ɗurawa da hannu, suna nuna bambancin harsashi sarai, balle Anschütz da aka yi don gasa. Ruger 10/22 yadda ta fito daga kamfani, wadda ake yi tun 1964, ɗakin harsashinta a sake yake don ta ci kowane iri, saboda haka zuba mata Tenex ba zai mai da ita bindigar gasa ba. Wasu masu ɗura kansu ma ba sa juyawa da kyau da harsashi mai rauni, musamman in sun yi dauɗa ko ana sanyi, sai a koma AutoMatch ko Mini-Mag don a huta da maƙalewa. A ɗaya ɓangaren, bindiga mai matsattsen ɗaki na gasa ba a sa mata Stinger, domin kwansonsa ya fi na sauran tsawo.

Yaya ake gwaji? Gani ya kori ji, kuma babu wanda zai faɗa maka abin da taka bindigar take so, ko da irin tasa ce sak. Ka sayi kwali ɗaya ko biyu masu hamsin daga iri huɗu ko biyar. Ka zaɓi safiyar da iska ta kwanta, ka ɗora bindigar a kan jakar yashi gaba da baya, a yadi 50. Duk lokacin da ka canza iri, ka harba goma a gefe tukuna, domin kowane kamfani da irin maiƙonsa, kuma bututu na bukatar ya shafu da sabon kafin ya daidaita. Sannan ka harba goma-goma, sau uku ko huɗu ga kowane iri. Kada harbi uku su ruɗe ka. Uku na iya haɗuwa a rami ɗaya bisa sa'a, har da harsashin zube, kuma irin waɗannan hotuna ne ake yawo da su ana yabon abin da bai kai ba. Ka auna kowane tari daga tsakiyar rami mafi nisa zuwa tsakiyar kishiyarsa, ka rubuta duka, har da wanda ya ba ka haushi. Wanda ya tsere gefe ma na cikin lissafi, sai dai in ka tabbata kai ne ka fizgi kunama. In ƙungiyarku na da na'urar auna gudu, ka ara, za ta nuna maka abin da takarda a yadi 50 ke ɓoyewa. Kuɗin wannan gwaji bai kai na ƙunshi ɗaya mai 500 na harsashin gasa ba, kuma shi zai hana ka sayen dubu biyar na abin da bindigarka ba ta so.

Ga masu manyan bindigogi, ka'idar ba ta canza ba, sai dai abin dubawa ya koma kan siffar harsashin. Mafi araha a .223 shi ne mai giren 55 wanda aka lulluɓe da jan ƙarfe daga kai, gindinsa a buɗe dalma na leƙowa, irin na PMC na Koriya ta Kudu ko American Eagle na Federal. Na gasa, kamar Sierra MatchKing, akasin haka ake yinsa: ana lulluɓe shi daga gindi, a bar ɗan rami a tsini. Dalili kuwa gindi ne ke rabuwa da bakin bututu a ƙarshe, kuma in bai daidaita ba iskar albarushi za ta ture shi gefe. Saboda haka mai araha yakan bazu inci biyu zuwa uku a yadi 100, na gasa kuma a bindiga mai kyau yakan tsaya a inci guda ko ƙasa. Don harbin farantin ƙarfe a yadi 100 ko 200 daga tsaye, mai giren 55 ya wadatar. Don koyon karanta iska a yadi 500, sai mai giren 69 ko 77. Amma a duba murɗin cikin bututu tukuna, wato tsagar da ke sa dalma juyawa: mai juyi ɗaya a inci 12 na giren 55 ne, mai juyi a inci 9 yana ɗaukar 69, shi kuwa 77 yana son juyi a inci 8 ko 7. In ka sa mai nauyi a bututu mai sanyin murɗi, zai isa allo a karkace komai tsadarsa.

Federal Gold Medal Match, mai giren 168 a .308 da mai 69 ko 77 a .223, shi ne abin da ake gwada sauran da shi. A ƙasa da shi akwai waɗanda suka cancanci gwaji: na gasa na Prvi Partizan daga Užice ta ƙasar Sabiya, da Sellier & Bellot na Jamhuriyar Cek, da Fiocchi na Italiya, da Hornady American Gunner. Akwai kuma biyu da zan ce a kauce musu a harbin takarda. Na farko shi ne M855 mai koren tsini, giren 62, wanda ke da ƙarfe a cikin kansa. Ba ya taruwa kamar na gasa, yana ɓata farantin ƙarfe, filaye da yawa ma sun hana shi. Na biyu su ne masu kwanson ƙarfe irin na Tula da Barnaul. Sun taɓa zama mafi araha a Amurka, amma tun da gwamnatin ƙasar ta daina ba da sabon izinin shigo da harsasan Rasha a 2021 sun yi ƙaranci, arahar ta ragu, ga shi lulluɓin dalmarsu mai gauraye da ƙarfe yana saurin cinye bututu. Wasu filaye suna kara maganaɗisu a kan harsashi a bakin ƙofa, in ya kama a mai da kai da shi. Akwai kuma gargaɗi ɗaya da ba na wasa ba: 5.56 na soja da .223 kamarsu ɗaya a ido, amma ba a harba 5.56 a bindigar da aka rubuta wa .223 Remington kaɗai, saboda matsin na iya wuce kima. Kwanson tagulla yana da wata riba: ana iya sake cika shi, ko a tara a sayar wa masu yi, abin da ke rage tsadarsa a fakaice.

Mutane da yawa da ke gasa da .308 ko 6.5 Creedmoor suna da .22 LR mai kama da babbar a nauyi da madubi, su yi yawancin atisayensu da ita, su ajiye mai tsadar don tabbatar da saiti da ranar gasa. Iskar da ke wasa da .22 LR a yadi 200 tana koyar da abin da babbar ke bukata a nesa mai yawa, a kan kaso kaɗan na kuɗin. Wanda kuma ko wannan ya yi masa nauyi, kada ya raina bindigar iska mai milimita 4.5. Ita ma gasar Olamfik ce a mita 10, inda maki goma ɗigo ne na rabin milimita, kuma gwangwani mai ƙwaya 500 na H&N ko RWS ko JSB yana kai mutum nisa.

Saura yadda ake saye. Farashin kwali ba ya faɗin gaskiya, domin wani 50 ne, wani 325, wani 500. A raba kuɗin da yawan harsasan, a haɗa da kuɗin aike da haraji, sannan a kwatanta. Harsashi abu ne mai nauyi, kuɗin aike na iya cinye rangwamen da aka gani a intanet, shi ya sa 'yan ƙungiya sukan haɗa kuɗi su sayi katon mai 5,000 su raba. Kasuwar kuma tana da lokutan ƙamfa. A 2013 .22 LR ya ɓace daga kantunan Amurka na tsawon lokaci, haka aka sake yi a 2020 da 2021, farashi ya ninka. Wanda ya saya a lokacin yalwa bai ji zafin ba. Saboda haka in gwajinka ya nuna maka zubin da ya dace, ka koma da wuri ka tambayi mai kanti wannan lambar, ka sayi iyakar abin da aljihu da lasisinka suka ba ka dama, domin in zubin ya ƙare ba ya dawowa. Ka ajiye shi a akwatin ƙarfe mai robar rufi, a wuri busasshe mai sanyi, a kulle nesa da yara. Kada a bar shi a mota cikin rana, zafi na narkar da maiƙon jikin dalma. Ka rubuta lambar zubin da sakamakon gwajin a jikin akwatin, kuma bayan kowane atisaye ka wanke hannu da sabulu kafin ka ci abinci, domin dalma ce ka yini kana taɓawa.